Kuɗin Cizo da Ɗakin Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Abba, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya a sabon ɗakinka na Panshekara. Allah ya sa ka shiga aikin nan a sa'a, ya tsare maka yatsunka daga inji, ya kiyaye ka a hanya safe da yamma, ya haɗa ka da abokan zama masu tsoronsa. Ummanka ce za ta cusa takardar a ƙasan jakarka, kusa da robar yaji, don ta ce nan ne kaɗai ta tabbata hannunka zai kai.

Ka san ni ba mai zaunar da kai in yi ta magana ba ne. Kai ne ɗan fari, sunan mahaifina kuma gare ka, ko sunan naka ban taɓa iya kira ba, balle in tsare ka da dogon zance ido cikin ido. Jiya da kake haɗa kaya na tsaya a bakin ƙofa da niyyar in faɗa maka abin da ke raina, sai na ji bakina ya ce kada ka manta da cajar waya. Shi ya sa na ɗauki biro.

Maganar kuɗin cizo ce. Na san za ka yi dariya, ka ce sauran iyaye suna ja wa 'ya'yansu kunne a kan abokan banza da shaye-shaye, naka uban kuma ya zo da ƙwaro. Waɗancan an faɗa maka su a gida da makaranta, na kuma ga alamar ka ji. Wannan kuwa ba wanda ya faɗa maka, domin ka tashi a gidan da Ummanka take bin kowane lungu da tafasasshen ruwa, ko kamanninsa ba ka sani ba.

Ga dalilin da ya sa maganar ba za ta jira ba. Babbar Sallah ta matso, kamfaninku na Challawa zai ba da hutu, kuma bana kai ne za ka je mana gida Ringim saboda ciwon gwiwata. Kakarka Inna ta sa an kira mata Ummanka a waya, ta ce, "A turo min maigidana, a ɗakina zai sauka." Bayan nan Gwaggonka Lami ta kira ni ta gaya min a ɓoye cewa akwai kuɗin cizo a gadon, idon Inna ya yi rauni, ba ta ganinsu. To abin da nake so shi ne ka kwana a ɗakin nan ba tare da ka kunyata ta ba, ka kuma dawo ba tare da ka kawo wa abokin ɗakinka ko guda ɗaya ba. Ni a duka biyun na faɗi, shi ya sa na san inda ramukan suke.

Shekarar da na fara aiki a masaƙa a Bompai, ina saurayi kamarka, Ƙaramar Sallah ta faɗo daf da Kirsimeti, sai aka rufe kamfanin gaba ɗaya kowa ya tafi garinsu. Lokacin ina haya a nan Dakata da wani abokin aikina, Bitrus, mutumin Kagoro. Ɗaki ɗaya, katifa ɗaya, ni aikin rana, shi aikin dare, irin tsarin da za ku yi kai da abokin ɗakinka Haladu. Ina tashi yana kwanciya, katifar ba ta samun hucewa.

Na tafi gida da sabuwar jaka, na zuba duk suturar da na mallaka a ciki don mutanen ƙauye su ga Sale ya zama ma'aikaci. Inna ta sauke ni a ɗakinta, ta bar min gadonta na katako da katifar audugar rimi wadda ta shigo da ita gidan mahaifina, ita ta shimfiɗa tabarma a ƙasa. Na tura jakar ƙarƙashin gadon a buɗe. Duk rigar da na cire sai in wurga ta kan katifa, da safe in tattara in cusa a jaka. Na ji cizo kam, amma na ɗora wa sauro, ban ko tsaya na tambayi kaina wane irin sauro ne yake yawo a tsakiyar sanyi ba.

Kai kada ka kwashi kayanka duka. Kayan Sallah, kayan sawa kala biyu, shi ke nan, ba wanda zai ba ka sarauta don ka canja riga sau uku a yini. Ka tafi da manyan ledoji, ka ƙulle wankakkun kaya a ɗaya, wanda ka cire ka sa a wata ka ƙulle. Jakar kuma kada ta taɓa gado, kada ta zauna a ƙasa ko ta jingina da bango. Ka nemi igiya ka rataye ta a azara, zif a rufe kullum. In an tambaye ka, ka ce haka ka saba, kuma gaskiya ne, daga ranar ka saba.

Ya kamata ka san abin da kake gudu. Ƙwaro ne ɗan mitsitsi, bai fi ƙwayar dawa ba, ja-ja, jikinsa kamar an danne shi, shi ya sa duk tsagar da farce zai shiga shi ma zai shiga. Ba ya tashi sama, ba ya tsalle, tafiya kawai yake yi, amma duk inda mutum ya je ya je, don mutum ne motarsa. Da rana ba ka ganinsa sai ka bi bakin ɗinkin katifa, da mahaɗar katakon gado, da tsagar bango. A can za ka ga baƙaƙen ɗigo kamar an yayyafa tawada, da 'yan fararen ƙwai manne a jiki. A zanin gado kuma ɗigon jini. Cizonsa sau da yawa a jere yake fitowa, in ka murƙushe shi kuma yana da wani wari da ba za ka sake mantawa ba. Yana iya yin watanni bai ci komai ba yana jira, saboda haka ɗakin da aka daɗe ba a kwana ciki ba ma ba shaida ba ne.

Ko a mota ka buɗe ido. Lokacin hutu kowa da abin da ya ɗauko, wani katifa, wani filo, wani buhun tsummokara, masu lodi kuma ba ruwansu, duk a but ɗaya za su danna su. Jakarka ƙarama ce, ka riƙe abarka a cinya.

Da hutu ya ƙare Inna ta ba ni tsaraba, daddawa da ƙuli-ƙuli da kuka, ta kuma ɗauko gwado, bargon saƙi na hannu, daga kan gadonta ta ce Kano ma ana sanyi. Ina isowa Dakata na wuce ɗaki kai tsaye, na zazzage jakar a kan katifa ina ware wa maƙwabta rabonsu, na shimfiɗa gwadon ina jin daɗi. Washegari Bitrus ya dawo daga Kagoro da tasa jakar da sabon filo da innarsa ta ba shi, shi ma ya zazzage a wuri ɗaya.

Ba a ga komai nan da nan ba, nan ne yaudarar take. Sai da aka yi makonni, wata safiya da ba ni da aiki na tarar da Bitrus zaune a bakin katifa bai cire kayan aiki ba, ya miƙo min hannunsa duk ya yi burɗin-burɗin.

"Sale, kai ma kana ji, ko ni kaɗai suke so?"

Ina ji mana. Sun ci ni da dare, sun ci shi da rana, a duk faɗin Dakata su kaɗai ne suke haɗa aikin dare da na rana ba su taɓa kuka da gajiya ba. Amma maimakon in ce eh, sai na ce, "Ni dai ban san su ba sai da ka dawo daga Kirsimeti."

Bitrus mutum ne mai sanyin hali. Sai ya ɗauko reza ya farke bakin filonsa, ga su nan. Na gyara tsayuwa zan yi magana, ya ce in dakata, ya jawo gwadon Inna ya buɗa wurin da aka haɗa saƙar, ga su nan sun ma fi yawa. Ya ce, "To ka gani, na Kagoro da na Ringim sun haɗu sun yi aure a ɗakinmu. Sai mu yi musu biki."

Abin da za ka ɗauka a nan shi ne, ranar da ka dawo daga tafiya, jakarka ba ta shiga ɗaki. Komai gajiya, komai yamma, a tsakar gida za ka buɗe ta. Kayan sawa duka, har waɗanda ba ka sa ba, har na jikinka, a zuba su a bokiti a kwara musu ruwa mai tafasa, a bar su su jiƙa, a wanke, a shanya a rana, a bi bakin ɗinki da dutsen guga mai zafi. Zafi shi ne ajalinsu, su da ƙwansu. Jakar kanta ka juye ta, ka bi zif da aljihu da tsohon buroshi, ka sa ta a baƙar leda ka ƙulle, ka ɗora a kan kwanon rufi ta yini tana shan rana, gobe ma haka. Bana ka yi sa'a Sallah ta zo cikin zafi. Mu a lokacin sanyi ne, rana ba ta da ƙarfi, shanya kaɗai ba ta yi mana komai ba. Takalmi da hula da abin sallah ma kada ka raina su. Haladu kuma, tunda shi ma zai tafi garinsu ta wajen Maraɗi, ku yi wannan shawara tun kafin ku tafi, don in ka tsare taka jakar shi ya zazzage tasa, aikin banza ka yi. In abin ya faru duk da haka, kada ka tsaya neman wanda ya kawo, ba za ka taɓa tabbatarwa ba, kuma ba ƙazanta ce take kawo su ba, manyan otal ma suna fama da su.

Ni da na ga sun yi yawa sai na nemi gajeriyar hanya. Akwai mai tallar maganin ƙwari a bakin get ɗin kamfani, irin fiya-fiyar nan da ake ɗurawa a kwalba ba suna ba takarda. Ya ce da ni feshi ɗaya ya isa, in dai na rufe ɗakin ruf. Da safe kafin in fita na feshe katifa da bango da ƙasa, na rufe taga, na cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, na kama hanya ina sauri kada a rufe get. A bakin get ɗin muka haɗu da Bitrus, yana fitowa ina shiga cikin turmutsutsun masu canjin aiki. Na ɗaga masa hannu, ya ɗaga min, na wuce.

Ya je ya buɗe ɗaki ya ji warin. Amma wanda ya kwana tsaye a gaban injin saƙa ba ya gardama da wari, ya ɗan buɗe taga ya kwanta. Kafin azahar matar mai gidan hayarmu ta jiyo shi yana amai, ta tarar da shi gumi ya jiƙa shi, yawu yana zuba, ba ya iya tsayuwa. Aka sa shi a tasi sai asibiti, aka aiko aka kira ni daga kan inji. Allah ya yi da sauran kwanansa. Da ya farfaɗo ya gan ni tsaye a kansa, abin da ya fara cewa shi ne, "Sale, su fa ka ce za ka kashe." Na tsorata ƙwarai a ranar. Su kuwa ƙwarin, da muka koma ɗaki, suna nan lafiya lau a tsagar bango.

Saboda haka ba kai ba fiya-fiya, ba kai ba ƙwayar nan da ake sa wa hatsi a rumbu, wadda wasu suke jefawa a ɗaki, ita ba ta ma ba mutum damar zuwa asibiti. Kananzir da fetur kuma wuta kake kira. In abin ya kai ga feshi, a kira wanda aikinsa ke nan, ya faɗi lokacin da za a koma ɗakin, a gaya wa mai gida da kowa da ke gidan. Ka riƙa tunawa ɗakinku ba ya zama ba kowa. Duk abin da ka yi a cikinsa ka fita, akwai wanda zai shigo bayanka da barci a idonsa.

Abin da ya raba mu da su a ƙarshe wahala ce kawai. Bitrus ya roƙi mai kula da tukunyar tururi ta kamfani, da izinin shugabansa, muka riƙa kai kayanmu ana gasa su. Muka fitar da komai na ɗakin, muka kwara tafasasshen ruwa a kowace tsaga, muka liƙe bango da siminti, katifar kuma da muka ga ta fi ƙarfinmu muka yayyanka ta kafin mu yar, don kada wani ya tsinta ya kai gidansa. Muka maimaita, muka sake maimaitawa, saboda ƙwan da ya tsira yana ƙyanƙyashewa daga baya. Ka kuma lura da lokar da kuke rataye kaya a wurin aiki, musamman satin da kowa ya dawo daga hutu, kayanka su zauna cikin leda.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki biro.

Ka san tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba ba nisa. Da Babbar ta zo, abin bai huce min ba, na tafi gida da shi a ƙirji. Na isa da hantsi, ɗakin Inna cike da mata, ƙannenta da maƙwabta sun zo taya ta aikin Sallah. Ta riga ta gyara min gadon, ta shimfiɗa zanin da take ɓoyo sai baƙo na musamman. Ko gaisawa ba mu gama ba na wuce na yaye zanin, na ɗaga katifar, na buɗa bakin ɗinkin a gaban kowa, na ce, "Inna, dubi abin da kika haɗa ni da shi. Saboda wannan mutum ya kusa mutuwa a Kano."

Ka lura da maganar. Ni na sayi guba, ni na fesa, ni na ɗaga wa Bitrus hannu na wuce, amma na ɗauko kayan duka na kawo na sauke a kan tsohuwa. A lokacin gani nake gaskiya nake faɗa, kuma wayewa ce.

Inna ta dubi katifar, ta dubi matan, ba ta dube ni ba. Ni ma ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunana, da can "yaron nan" take cewa. Ranar sai ta ce, "To, mutumin Kano, ka yi haƙuri. Ba mu sani ba."

Na fita zagayen gaishe-gaishe ina ganin na yi gyara. Da la'asar ina dawowa na jiyo ƙaurin auduga tun daga bakin masallaci. Ita da kanta ta ja katifar zuwa bayan gida ta sa mata wuta, ba ta bari kowa ya taya ta ba. A kan katifar nan mahaifina ya yi jinyarsa ta ƙarshe. Audugar rimi ba ta da wuyar ci, kafin in ƙarasa ta zama toka. Kuma ƙonawar ba ta magance komai ba, tunda yawancinsu a katakon gadon suke da bango. A zaure na tarar an share, an shimfiɗa tabarma, an ajiye min jakata da kwanon tuwo a rufe.

Washegari na durƙusa a tsakar gida na roƙe ta gafara. Ta ce, "Na yafe maka duniya da lahira, ai ba komai." Na kuma yarda ta yafe, Inna ba ta faɗin abin da ba ya ranta. Amma da dare ya yi tabarmar tana zaure. Da na koma Kano na sayi katifar soso mai kauri na aika mata. Ta karɓa, ta sa albarka, ta sa aka jingine ta a zaure, ta ce ta mutumin Kano ce in ya zo. Ka sha ganinta, wadda nake kwana a kai duk Sallah, wataƙila ka ɗauka zafi ne yake fitar da ni waje. Ita kuma ta sa aka ɗinka mata wata ta rimi ta mayar kan gadonta.

Tun kafin a haife ka ke nan. Ba ta taɓa hana ni abinci ba, ba ta taɓa fasa yi min addu'a ba, in na zo ita ce mai fara fitowa. Amma a tsakar gida take tarbata, a sa min kujera a inuwa, mu gaisa mu yi hira a nan. Ba ta ce kada in shiga ɗakin ba, ba ta kuma sake cewa in shigo ba, ni kuma ƙafata ba ta iya tsallaka dokin ƙofar ba tare da an kira ni ba. Magana zarar bunu ce, na zare, ban iya mayarwa ba. Abin yana damuna, kuma yana ƙara damuna yanzu da na ga ta tsufa haka.

To kai an kira ka. Ka shiga da sallama, ka zauna a bakin gadon, ka yaba shimfiɗa. Ka kwana inda ta ce ka kwana. Za su cije ka, ba sa kisa, ka yi susarka a hankali, da safe ka sa riga mai dogon hannu. In ta ce, "Maigida, ya kwanan baƙunta?" ka ce lafiya lau, kuma lafiyar ce, tunda ka tashi.

Ba cewa nake ka bar ta da su ba. Kana da abin da ni ba ni da shi, kai jika ne, tsakaninku akwai wasa. Kana iya ce mata tuwonta ya yi gishiri, kana iya cewa za ka yi mata kishiya, ta bi ka da muciya ana dariya. Da wannan wasan za ka yi aikin. Ka isa tun kafin jajibere, lokacin da kowane gida yake sharar Sallah ana fitar da kaya rana, ba wanda zai ga baƙon abu. Ka ce mata, "Amarya, ni ba na yin Sallah a ɗakin da ba a yi min kwalima ba, tashi ki koma inuwa." Ka fara fitar da kayan zaure, har da katifata, sannan na ɗakin Gwaggonka, sannan nata, don kada ya zama ita kaɗai aka nufa. Gwaggo Lami ta san zancen, za ta ɗora ruwa a babbar tukunya. Ku kwance gadon, ku kwara wa kowace mahaɗa, ku wanke zannuwa da ruwan zafi, katifar ta yini a rana ana juya ta, ka bi bakin ɗinkinta da dutsen guga na gawayi, ka kwaɓa ƙasa ko siminti ka toshe tsagar bango. Ba za su ƙare a karo ɗaya ba, ka bar wa Gwaggonka ta maimaita bayan ka tafi. Ban ce ka yi ƙarya ba. Aiki za ka yi da hannunka, sunan ƙwaron ne kawai ba zai fito daga bakinka ba, ko a wasa. Komai kana iya tsokanarta da shi ban da wannan.

Ranar tahowa za ta ba ka tsaraba, kuma na san halinta, sai ta haɗa da wani abu daga kan gadonta, zane ko bargo. Ka sa hannu biyu ka karɓa, ka yi godiya, ka rungumo shi a gabanta har ka fita daga gidan. Kada ka karkaɗe shi, kada ka juya shi kana dubawa. Sai ka isa tasha sannan ka fito da ledarka ka ƙulle shi tam. In ka shigo Kano ka fara biyowa ta Dakata, Ummanka ta ce za ka tarar da ruwa a wuta, a gama da kayan a nan, ka wuce Panshekara da jaka mai tsabta. Bargon kuma in ya bushe ka yi amfani da shi, don za ta tambaya. Nawa gwadon a cikin fushi na yar da shi tare da katifarmu ta Dakata, ba ta taɓa tambayata ba, na kuma san ta sani.

Saura abu ɗaya, shi kuma roƙo ne. In gwiwar ta yi sauƙi, zan biyo ka washegarin Sallah. Kada ka ce a canja min masauki, kada ka yi mata zancena, katifata tana zaure, na saba. Amma idonta ya tafi, ƙafarta ma ta fara gazawa, Gwaggonka ta ce yanzu fitowa tsakar gida tana yi mata wuya. Wataƙila bana in na yi sallama ba za ta iya fitowa ba. In haka ta faru, kana kusa da ita, ka kasa kunne. In ka ji ta ce, "Ce wa ubanka ya shigo," kada ka tsaya ka ji ko da gaske take, kada ka tsaya neman takalmi, ka zo ka kira ni duk inda nake. In kuma ta ce in kwana, ka ɗauki jakarka ka koma zaure, ka bar min gadon. Ko duk kuɗin cizon ƙasar Ringim ne suka taru a kansa, zan kwanta.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da na ƙarfe da na abin da ido ba ya gani. Allah ya yi maka albarka, ya sa ka gama da mu lafiya, ya ba ka masu yi maka biyayya. Ka gaida Haladu. Ummanka ta ce yajin na wata guda ne, kada ka cinye shi a sati.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sale